Zawon Da Magani Ke Kawowa

Ranar kasuwa a Magariya ko Dungas ba ka rasa mai tallan magani da tirensa cike da kafso. Mai mura ya saya, mai ciwon ciki ya saya, mai zawo ma ya saya. Amma akwai wani zawon da kafson ne da kansa yake buɗe masa ƙofa, kuma sai da likitoci suka yi shekara 85 suna lalube kafin su kama mai laifin.

A 1893 wani likitan fiɗa mai suna John Finney ya yi wa wata budurwa aiki a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka. Bayan aikin sai zawo ya kama ta, bai sake ta ba har ta rasu. Da aka duba hanjinta sai aka ga wata fata-fata manne a jikinsa, babu wanda ya san mafarinta.

Jefi-jefi ake ganin cutar, sai bayan 1950 da magungunan antibiyotik suka cika asibitoci ta fara yawa. Zargi ya faɗa kan Staphylococcus aureus, ƙwayar nan mai kawo maruru. Ana samunta a bayan gidan marasa lafiyar, kuma idan aka ba su vancomycin, wanda ke kashe ta, sai su warke. Kowa ya ɗauka shari'a ta ƙare.

A 1974 Francis Tedesco, a birnin St. Louis, ya bi diddigin mutum 200 da aka bai wa clindamycin. Kashi 21 cikin ɗari sun yi zawo, kashi 10 kuma an ga fata-fatar nan a hanjinsu. Aka nemi ƙwayar maruru a jikinsu, babu ita. Ashe ba ita ba ce.

A 1977 masu bincike a Ingila suka gano akwai guba a bayan gidan masu cutar. Wa ke zuba ta? John Bartlett da abokan aikinsa a Boston suka yi ta gwaji da wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera, har a 1978 suka tabbatar da cewa Clostridium difficile ce, wadda tun 2016 ake kira Clostridioides difficile. Nan aka fahimci abin da ya ruɗi na baya: vancomycin yana kashe ta ita ma, shi ya sa ake warkewa.

Sai dai kama ta ya haifar da tambayar da ta fi ta farko wuya. Tun 1935 Ivan Hall da Elizabeth O'Toole suka gano wannan ƙwaya, kuma a kashin jarirai masu ƙoshin lafiya suka same ta. Har yau jarirai da yawa suna ɗauke da ita ba abin da ke samunsu. To me ke mayar da ita makashiya a cikin dattijo?

Amsar tana wajen maƙwabtanta. Hanjin mutum kamar gari ne mai cike da jama'a, ƙwayoyi iri-iri sun mamaye wuri da abinci, baƙo ba ya samun masauki. Wasu daga cikinsu ma, irin su Clostridium scindens, suna sarrafa ruwan matsarmama ya koma abin da ke hana ta yaɗo, kamar yadda wani bincike na New York ya nuna a 2015. Antibiyotik kuwa ba ya tambayar suna, mai laifi da marar laifi duk sharewa yake. Ita difficile sai ta dunƙule cikin kwanso mai tauri wanda ko alkol ɗin goge hannu ba ya kashewa, ta jira. Da wuri ya yi fili sai ta tashi ta zuba gubarta.

Hujjar ƙarshe daga Amsterdam ta zo a 2013. Aka ɗauki ƙwayoyin hanjin masu lafiya aka zuba wa waɗanda cutar ke yi wa dawo-dawo: 15 cikin 16 suka warke. Masu shan vancomycin kaɗai, 4 cikin 13.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne. A Madarunfa, jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF ta gwada amoxicillin a kan yara 2,399 masu tamowar da ba ta haɗu da wata cuta ba. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna kashi 66 na masu shan maganin sun murmure, waɗanda ba su sha ba kashi 63, ko da yake maganin ya rage yawan waɗanda aka kwantar. Da aka sake duba bayan gidan yaran, masu shan maganin sun fi kwasar ƙwayoyin da ba sa jin magani. Ba difficile ba ce, amma ta ƙofa ɗaya suka shiga.

A ganina yaron da likita ya rubuta wa antibiyotik dole ya sha, domin yana ceton rai. Wanda ke damuna shi ne na tire, wanda ake haɗiya saboda mura. Duk wanda zawo ya kama yana cikin shan irin wannan magani, ko makonni kaɗan bayan ya gama, musamman tsoho ko wanda ya kwanta asibiti, kada ya ƙara wani kafson. Ya koma likita da kwalin abin da ya sha, masu jinyarsa kuma su riƙa wanke hannu da ruwa da sabulu.