Sarkin da Aka Binne a Bakin Kwara

Motar da ta tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ta miƙa titin Zariya zuwa Kudu, in ta wuce Abuja ta haye gadar Murtala, Lokoja za ta faɗa. A nan fasinja ke sauka su yi salla, su ci soyayyen kifi, su koma mota. Kaɗan ne cikin Kanawa ke tuna cewa a garin nan, a unguwar Kabawa, wani sarkinsu yake kwance.

Alu ne, Aliyu Babba ɗan Abdullahi Maje Karofi, wanda makaɗa ke wa kirari da Mai Sango. Ya hau mulki a 1894 sakamakon yaƙin Basasar Kano. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, da igwar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar birnin Kano, ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A hanyar dawowa labari ya riske shi. Ya yi arewa, Wazirinsa Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, shi kuma aka kama shi a ƙasar Gobir. Gwamna Lugga ya naɗa Wambai Abbas, ɗan'uwan Alu, sarki, aka kai Alu Yola, daga bisani Lokoja.

Dubi inda Turawa suka zaɓa. Ga Kwara, ga Binuwai, ga dutsen Patti a baya, ga barikin soja. Mutumin da ya saba fita cikin dawaki dubbai aka ajiye a bakin kogi. Ba shi kaɗai ba: Kwasau na Zazzau a nan ya ƙare, haka Aliyu Ɗan Sidi da aka tuɓe daga baya.

Mandela ya yi shekara 18 a tsibirin Robben, daga baya ya fito ya mulki ƙasarsa, yau mutane na biyan kuɗin jirgin ruwa don su leƙa ɗan ɗakinsa. Alu shekara 23 ya yi a tsare, bai sake ganin Dala da Goron Dutse ba. Wannan ne ke sosa mini rai. Talakan da ya rasu a Gyaɗi-Gyaɗi, maƙwabta za su ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar Tarauni, 'ya'yansa su riƙa kai masa ziyara ran Juma'a. Sarkin Kano guda kuwa ya cika a 1926 a ƙasar da ba tasa ba, tafiyar yini guda a mota daga Ƙofar Kudu. Allah ya jiƙan Alu.