Farantin talla ya koma cikin salula

Babu unguwar da za a shiga a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, a rasa gidan da ake sana'a a cikinsa. Wata uwar gida tana suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, wata tana haɗa turaren wuta da humra, wata kuma tana ɗinkin kayan yara. Tun kaka da kakanni, hanyar da kayan nan suke bi su kai ga mai saye ita ce a ɗora wa yarinya faranti a ka, ta bi kwararo da tasha tana talla. Dukanmu mun san abin da hakan yake jawowa. Yarinyar da ta fita talla da hantsi ba ta zauna a aji ba, wadda ta kai dare a tasha kuwa Allah kaɗai ya san abin da take gamuwa da shi.

A yau salular da take hannun uwar gida tana iya ɗauke kaso mai yawa na aikin wannan faranti. Haka nan tela da kafinta da mai kilishi da mai gyaran babur, kowa yana iya kai sana'arsa gaban mutanen da ba su taɓa bi ta ƙofar shagonsa ba. Sai dai wannan kasuwa tana da ƙa'idojinta, kuma su ne muke so mu duba tare.

A san sunanka, a san inda kake

Matakin farko shi ne suna guda da lamba guda. Wanda yau yake "Kilishin Alheri", gobe ya koma wani suna, jibi ya canza lamba, ya yi daidai da mai rumfar da kullum yake sauya layi a kasuwa. Ya fi kyau a ware wa sana'a lambarta dabam da ta zumunci.

A watan Janairun 2018 aka fito da WhatsApp Business domin ƙananan ƴan kasuwa, kuma kyauta ake sauke shi. A cikinsa ana rubuta sunan sana'a, da irin kayan da ake sayarwa, da lokutan buɗewa da rufewa. A 2019 aka ƙara masa kundin kaya, inda ake jera hotuna tare da farashi, mai saye ya duba da kansa ba sai ya tambaya ɗaya bayan ɗaya ba. Ana kuma iya shirya saƙon da zai tafi da kansa idan aka tuntuɓi mai kaya da dare ko yana masallaci, domin kada mai saye ya zaci an yi banza da shi.

Da yawa daga titunanmu ba a san su da suna ba, kwatance muke yi da masallaci ko famfo ko gidan mai unguwa. Saboda haka mai shago ya sa wurinsa a taswirar Google, wannan ma ba a biyan ko dala. Amma matar da take sana'a a cikin gida kada ta sa gidan aurenta a taswira. Ta zaɓi shagon maigida ko na wani ɗan'uwa ya zama wurin karɓar kaya. Shafin intanet na musamman kuwa, wanda ake biya wa kuɗi duk shekara, ana iya jinkirta shi har sana'a ta yi ƙarfi.

Hoto da bayani

A kasuwa mai saye yana taɓa atamfa, ya shinshina turare, ya ɗanɗana kilishi. A salula ba shi da komai sai hoto da maganarka. A goge idon kamara, a shimfiɗa farin ƙyalle, a ɗauki hoton da hasken safe ko na la'asar. A rubuta farashi ƙarara, jika biyu ko jika biyar, tare da awo: yadi nawa, lita nawa, kwalba babba ko ƙarama. Mutane da yawa suna jin nauyin tambayar kuɗin abu, in ba su ga an rubuta ba sai su wuce. Tun da a ƙasarmu wani da Hausa yake karatu, wani da Faransanci, a rubuta da harsunan biyu. Wanda bai iya karatun boko ba kuma a aika masa saƙon murya gajere.

Hoton da aka ɗora a sitatu na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, kuma wanda ya adana lambarka, kai ma ka adana tasa, shi kaɗai yake ganinsa. Don haka duk wanda ya saya, a roƙe shi ya adana lambar. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar har mutum 256, shi ma waɗanda suka adana lambar kaɗai yake isa gare su. Hoto uku ko huɗu masu kyau a yini sun fi talatin da za su cinye wa mutane mega. Kada kuma a tura mutum cikin rukunin talla ba da izninsa ba. Mai son baƙin ido su san shi sai ya buɗe shafi a Facebook ko TikTok, da suna da lamba iri ɗaya da na WhatsApp.

Kada ya zama cinikin biri a sama

Sayen abin da ido bai gani ba tsohuwar mas'ala ce a wurin malamanmu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki idan an siffanta shi. A mazhabar Malikiyya, idan kaya suka zo daidai da siffar da aka faɗa ciniki ya ɗauru, idan suka saɓa mai saye yana da damar mayarwa. Ke nan hoto da bayanin da muka rubuta alkawari ne a wuyanmu. Wanda ya ɗauko hoton rigar wani daga intanet ya ce ɗinkinsa ne, ko ya gyara launin atamfa da manhaja, ko ya ɓoye tabon da yake jikin kaya, ya yi algus. Haka kuma sa ƴan'uwa su rubuta yabon kayan da ba su taɓa saye ba ya yi kama da abin da malamai suke kira najashu, wato zuga farashi daga wanda ba shi da niyyar saye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a salula kuwa hoton kayan da aka cuci mutum da su yana zaga gari a yini guda.

Kuɗi da tsaron lamba

Biyan kuɗi daga nesa ya yi sauƙi ta Airtel Money da Moov Money, ko ta gidajen aika kuɗi irin su NITA da Amana da Al Izza. Amma mazambata suna aiko hoton rasit na jabu. Kada a saki kaya sai an duba asusu an ga kuɗin sun shiga. A kuma yi magana tun farko a kan wanda zai biya ɗan kabu-kabu ko kuɗin mota idan kayan za su tafi wani gari, a rubuta kowane ciniki a littafi.

Akwai masu kira su ce sun yi kuskuren tura maka lambobi shida, ka karanto musu. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Wanda ya same su ya ƙwace shagon da abokan cinikin da aka tara, har ya riƙa roƙon kuɗi da sunanka. A kunna tabbaci mai mataki biyu a cikin saitin manhajar, a zaɓi lambar sirrin da ba a faɗa wa kowa. Lambobin masu saye da hotunansu kuwa amana ne, ba a bai wa wani, ba a kuma talla da hoton mace cikin ɗinkin da aka yi mata sai da yardarta.

Muna kira ga iyaye maza su taimaka wa iyalinsu da waya mai kyau da kuɗin mega na watan farko. Yarinyar da a da take ɗaukar faranti tana iya taimakon mahaifiyarta da rubuta farashi da ɗaukar hoto bayan ta dawo daga makaranta, a gaban idon iyayenta. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana zuriya.