Me Ya Sa Man Kaɗe Yake Daskarewa?

A Hausa, man gyaɗa da man riɗi da man kaɗe duk "mai" ake ce musu. Amma ɗalibi zai lura cewa na kaɗe a daskare yake zama, sauran biyun kuwa ruwa-ruwa. Dalilin yana cikin yadda aka gina su.

Tun a 1823 masanin nan na Faransa, Chevreul, ya bayyana cewa mai haɗi ne na giliserol da asid mai maiƙo. Kowane giliserol ɗaya yana riƙe da asid uku, kowane asid kuma sarƙa ce ta kabon. A ɗauki misalin asid sitiyarik da asid oleyik. Dukansu kabon 18 gare su, sai dai sarƙar sitiyarik miƙaƙƙiya ce, ta oleyik kuwa tana da ɗauri mai ninki biyu a tsakiya wanda ya lanƙwasa ta. Miƙaƙƙu suna jeruwa daram kamar kara a dami, shi ya sa sitiyarik ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 69. Lanƙwasassu ba sa jeruwa haka.

Man kaɗe yana da sitiyarik da yawa; a man gyaɗa da na riɗi oleyik da linoleyik ne suka rinjaya. Kada a sa manja a wannan lissafi, domin daga tsokar kwakwa ake tatso shi. Na ƙwallonta shi ne alayyadi.