Yuganda: Yadda Sa Hannun Matar Gida Ya Cika Kotuna da Shari'ar Filaye

A Yuganda, magidanci ba shi da ikon sayar da gidan da iyalinsa ke zaune a ciki, ko gonar da ke haɗe da shi wadda suke ci daga gare ta, sai da yardar matarsa. Haka ma jinginar da su ko bayar da su kyauta. Dokar Filaye ta 1998 ce ta kafa wannan sharaɗi, gyaran 2004 ya ƙara masa ƙarfi. Sharaɗin ya hau kan miji da mata duka, amma galibi mata ne ke kai kuka kotu, tun da filayen na hannun maza. Cinikin da aka ƙulla ba da wannan yarda ba ɓatacce ne. Mai karatu a Najeriya, inda amincewar gwamna ake nema ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, zai ga abin baƙo.

To me ya sa shari'o'in ba su ƙarewa? Wasu dalilan a fili suke. A ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 45 a ƙidayar 2024, mafi yawansu manoma, ƙasa ta zama zinari, musamman a Wakiso da Mukono da ke kewaye da Kampala. Kuɗin makaranta ko bashi ya taso, dillali ya zo da mai saye, shugaban unguwa ya buga hatimi a kan yarjejeniya, matar ba ta ji labari ba sai ranar da aka zo kafa shinge.

Amma a ganina tushen matsalar na cikin dokar kanta. Lokacin muhawarar 1998, 'yar majalisa Miria Matembe ta kawo sashen da zai sa miji da mata su zama masu mallakar filin iyali tare. Da aka fitar da dokar, sashen ya yi ɓatan dabo, har yau 'yan gwagwarmayar mata na kiran sa gyaran da ya ɓace. Abin da ya rage wa mace shi ne ikon cewa a'a, ba tare da sunanta a takardar mallaka ba. Mai saye ya duba rajista ya ga sunan mutum ɗaya. Haƙƙin matar ba ya bayyana sai bayan kuɗi sun shiga aljihu, wato sai a gaban alƙali. Doka ta ba ta damar shigar da takardar hani a ofishin filaye, sai dai filayen gargajiya da yawa ba su da rajista ko kaɗan.

Dokar ta yi aiki ta wani fanni, a faɗi gaskiya. Bankuna, musamman bayan Dokar Jingina ta 2009, suna neman sa hannun mata kafin su karɓi gidan aure jingina, lauyoyin masu saye ma haka. Sai dai kowace ƙofa aka rufe, mai son zuciya na neman taga: wani ya yi rantsuwar ƙarya cewa shi gwauro ne, wani ya kawo wata mace ta sa hannu a matsayin uwargida. Akwai kuma ma'auratan da ake zargi da haɗa baki, su ci kuɗin, farashi ya tashi, sannan matar ta fito ta ce ba da saninta ba. Mai sayen da ya yi ciniki da zuciya ɗaya abin da doka ta bar masa shi ne ya bi mijin ya biya shi kuɗinsa, kuɗin da sau da yawa an riga an cinye.

Sannan ga tambayar wace ce matar. A gidan mata biyu, yardar wace ake nema, a kan wane fili? Macen da ta shekara da shekaru da namiji ba tare da auren coci, na gargajiya, na Musulunci ko na rajista ba, sai ta tarar da ƙafarta ba ta da ƙarfi a kotu, alhali irin wannan zama ya yawaita a ƙasar.

Kotunan filaye na gundumomi, waɗanda aka ƙirƙira don a warware irin wannan rikici kusa da gida, sun daina aiki tun 2006. Ƙararrakin sun koma hannun majistare da Babbar Kotu, inda layi ke da tsawo, lauya ke da tsada, kuma kafin a yanke hukunci mai saye kan riga ya aza tubali.