Shekarar da ƙaramin gari ya ɗauki kofin Zakarun Oshiniya

Yau za mu bar Madrid da Barcelona da 'yan Firimiya su huta, mu tafi can ƙarshen taswira, tsakiyar tekun Fasifik. Akwai wata Champions League a can wadda nake da tabbacin babu gidan kallon da ya taɓa rubuta ta a allo a unguwarku. Ita ce gasar Zakarun Oshiniya, wadda hukumar ƙwallon yankin, OFC, ke shiryawa. Kakar 2019 za mu duba, domin a shekarar ne wani kulob daga garin da mutanensa ba su kai dubu uku ba ya ɗauke kofin, ya kuma tafi Katar ya sha gaban Xavi har sai da aka shiga ƙarin lokaci.

Bari mu fara da wurin kansa, don kar na riƙa kiran sunaye kuna jin kamar tatsuniya nake. OFC tana da cikakkun mambobi 11, kuma dukkansu tsibirai ne: New Zealand, Fiji, Papua New Guinea, Tsibiran Solomon, Vanuatu, New Caledonia, Tahiti, Samoa, Tonga, Tsibiran Cook da Samoa ta Amurka. Wasunsu ma ba ƙasashe ne masu cikakken 'yanci ba. New Caledonia da Tahiti suna ƙarƙashin Faransa, amma FIFA ta ba su damar buga ƙwallo da sunansu. Wanda ya kalli gasar Confederations ta 2013 a Brazil zai tuna Tahiti, su ne Super Eagles ta yi wa 6-1, Nnamdi Oduamadi ya ci uku, amma da suka samu ƙwallo ɗaya tilo sai ka rantse kofin suka ɗauka saboda murna. To daga yankinsu labarin nan ya fito.

A da Ostareliya ma a nan take. Ita ce babbar yaya, kuma irin babbar yayar da ba ta da tausayi. A 2001 ta zura wa Samoa ta Amurka 31-0 a wasan neman shiga gasar kofin duniya. Duk lokacin da aka yi gasar kulob-kulob ta yankin a wancan zamani, kulob ɗin Ostareliya ne ke ɗauka. A 2006 ta tattara ta koma hukumar Asiya don ta samu abokan karawa na gaske. Kowa ya ce to yanzu ƙanana za su sha iska. Ina! Sai New Zealand ta gaje kujerar. Daga 2006 zuwa 2018 an yi gasar sau 13, kulob-kulob ɗin New Zealand sun ɗauki 12. Auckland City kaɗai ta jera bakwai ba fashi, daga 2011 zuwa 2017. Sau ɗaya kawai aka fasa wannan layi, a 2010, lokacin da Hekari United ta Papua New Guinea ta doke Waitakere United. A 2018 kuwa Team Wellington ce ta ɗauka, bayan ta yi wa Lautoka ta Fiji 10-3 a wasan ƙarshe gida da waje. Wasan ƙarshe fa, goma da uku.

Abin da zai ba ku mamaki, ita kanta Auckland City ba kulob ɗin ƙwararru ba ce. 'Yan wasanta da yawa suna da aikin yi da rana, da yamma su zo atisaye. Babban kulob ɗin ƙwararru na New Zealand a lokacin, Wellington Phoenix, a gasar Ostareliya yake bugawa, don haka ba ya shiga wannan gasa. Amma ko a tsakanin 'yan sa-kai akwai bambanci. Auckland tana da fili mai kyau, tana da tsari, tana ɗauko 'yan wasa daga waje, a lokacin tana da koci ɗan Sifaniya, Ramon Tribulietx, wanda ya kai ta matsayi na uku a gasar kulob-kulob ta duniya a Maroko a 2014. Ga kuma kuɗin da FIFA ke bai wa duk wanda ya halarci gasar ta duniya. Ka ci kofi, ka je gasar duniya, ka dawo da kuɗi da gogewa, ka sake cin kofi. Haka abin ya riƙa juyawa shekara da shekaru.

Yanzu ga yadda aka tsara 2019. Ƙungiyoyi 18 ne suka shiga. Ƙasashe bakwai da ake ɗauka sun fi ƙarfi kowacce ta kawo biyu, 14 ke nan. Sauran huɗun, wato Samoa, Tonga, Tsibiran Cook da Samoa ta Amurka, kowacce zakaranta ɗaya, suka fara wasan share fage tsakaninsu, biyu suka haura. Aka samu 16, aka raba rukuni huɗu.

A nan ne za ku ga inda wannan gasa ta bambanta da ta Turai. A Turai ka buga gida ranar Talata, bayan mako biyu ka hau jirgi na awa biyu ka buga waje. A Fasifik wannan ba zai yiwu ba. Tsakanin wasu tsibiran akwai dubban kilomitoci na ruwa zalla, jiragen da ke zirga-zirga kaɗan ne, tikiti da tsada, wani lokaci sai ka bi ta Auckland ko Fiji kafin ka isa wurin maƙwabcinka. Tsakanin Tahiti da New Caledonia akwai bambancin awa 21 a agogo, saboda layin da rana ke canzawa ya ratsa ta tsakaninsu. Wato idan ana Asabar da rana a Nouméa, a Tahiti ba a gama Juma'a ba. Ga 'yan wasa masu aikin albashi da sai sun roƙi hutu a wurin aiki. Shi ya sa a lokacin ake tara kowane rukuni a ƙasa ɗaya, a buga wasanni uku cikin kusan mako guda, kowa ya kama gabansa. A 2019 rukunonin sun zauna a New Caledonia, Fiji, Vanuatu da Tsibiran Solomon.

Sai kuma wani canji da a ganina shi ne ya buɗe ƙofa: daga kwata fainal har wasan ƙarshe, wasa ɗaya ake bugawa, babu gida da waje. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kulob ɗinmu sunansa Hienghène Sport. Kar rubutun ya tsorata ku, ana furta shi kusan kamar "Yengen". Gari ne a gaɓar arewa maso gabashin babban tsibirin New Caledonia, tafiyar kusan awa biyar a mota daga babban birni, Nouméa. Mutanensa wajen 2,500 ne, yawancinsu 'yan ƙabilar Kanak, wato 'yan asalin tsibirin tun kafin zuwan Faransawa a 1853. Kuma ba garin da za ka kira sunansa a New Caledonia a wuce haka kawai ba ne. Nan ne mahaifar Jean-Marie Tjibaou, jagoran masu neman 'yancin kai, wanda ya yi magajin garin. A Disambar 1984 aka yi wa mutanen ƙauyensa kwanton ɓauna a kusa da garin, aka kashe goma, ciki har da 'yan'uwansa biyu. Shi kansa an harbe shi a 1989, bayan ya sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya. A Nuwambar 2018, wata shida kacal kafin wasan da za mu yi magana a kai, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ko a rabu da Faransa. Masu cewa a zauna suka yi rinjaye da kusan kashi 57 cikin ɗari, amma arewa, inda Hienghène take, ta fi karkata ga a rabu. Ba ina cewa siyasa aka buga a fili ba. Amma idan ka san wannan, za ka gane abin da ake nufi in aka ce kulob ɗin arewa ya sauko Nouméa ya ɗauki kofi.

Kocinsu Félix Tagawa ne, tsohon ɗan wasan gaba na Tahiti. Kyaftin kuwa Bertrand Kaï, wanda ya riga ya san daɗin kayar da New Zealand, domin yana cikin waɗanda suka ci ƙwallo lokacin da New Caledonia ta fitar da ita 2-0 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasashen yankin a 2012.

Hienghène ta karɓi baƙuncin rukuninta, amma a garin Koné aka buga. Ta fito ta ɗaya ba tare da an doke ta ba. A kwata fainal ta sha wuya a hannun Ba ta Fiji, sai a ƙarin lokaci ta tsallake da 2-1. Har zuwa nan babu wanda ya ɗaga kai ya kalle ta, don Auckland City da Team Wellington suna ta ragargazar abokan karawarsu kamar yadda suka saba, kowa yana jiran su haɗu a ƙarshe.

Sai ga ƙarshen Afrilu. Wasannin kusa da na ƙarshe duka biyun suka faɗo a Nouméa, a filin Numa-Daly. Hienghène ta doke mai riƙe da kofi, Team Wellington, 2-0. AS Magenta, babban kulob ɗin birnin Nouméa, ta doke Auckland City 2-1. Shi ke nan, New Zealand ta fita gaba ɗaya. Tun tafiyar Ostareliya ba a taɓa yin wasan ƙarshe babu kulob ɗin New Zealand ba sai wannan karo.

Nan ne maganar wasa ɗaya ta dawo. Ni dai ra'ayina, da gida da waje aka buga, da wuya a ce duka biyun su tsira. Ka ci Auckland a gabanka cikin zafi da ihun mutanenka abu ɗaya ne, ka je ka kare wannan ci a filinta bayan mako guda wani abu ne daban. Minti 180 yakan fito da wanda ya fi zurfin benci da ƙarfin jiki. Minti 90 kuwa ko wa zai iya mutuwa a kansa. Wannan bai rage musu komai ba, don dokar kowa ta shafa, kuma Wellington ba a bugun fenariti aka cire ta ba, biyu da nema aka yi mata.

Ranar 11 ga Mayu 2019 aka buga wasan ƙarshe, 'yan gida biyu. Amma ko a nan akwai babba da ƙarami. Magenta ce mai tarin kofunan ƙasar, ta taɓa zuwa wasan ƙarshe na wannan gasa a 2005 inda Sydney FC ta doke ta, kuma filin Numa-Daly a unguwar Magenta yake, wato gidanta ne. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. A minti na 66 wani ɗan wasa da ya shigo daga benci, Amy Antoine Roïné, ya samu ƙwallo a wajen tsakiyar fili, ya ɗaga kai ya ga golan Magenta ya fito daga ragarsa, sai ya ɗaga ta sama. Ƙwallon ta yi ta tafiya, gola yana gudu da baya, ta sauka a raga. Ku neme ta a YouTube, wallahi da a Turai aka ci ta da har yau ana yawo da ita a TikTok. Haka aka tashi 1-0. Kaï ya zama gwarzon ɗan wasan gasar, golansu Rocky Nyikeine ya zama gwarzon mai tsaron raga.

Ladan wannan kofi shi ne tikitin gasar kulob-kulob ta duniya. A ranar 11 ga Disamba 2019, a Doha, Hienghène ta buɗe gasar da Al Sadd, zakaran Katar, wadda Xavi ke horarwa, ga Akram Afif, ga Baghdad Bounedjah na Aljeriya da ya ci wa ƙasarsa ƙwallon da ta ba ta kofin Afirka a watan Yulin shekarar. Bounedjah ya fara ci. Ana dawowa daga hutu sai Roïné, shi ɗin dai, ya farke. Aka cika minti 90 ana 1-1. Sai a ƙarin lokaci ƙafafun 'yan sa-kai suka gaji, Abdelkarim Hassan da Pedro Miguel suka ci, aka tashi 3-1. Wannan ita ce gasar da Liverpool ta ɗauka bayan ta doke Flamengo. Wato gari mai mutum 2,500 ya shiga jadawali ɗaya da su Salah da Mané.

Me ya biyo baya? Korona ta shigo, aka dakatar da gasar 2020 a tsakiya, ta 2021 ba a ma fara ta ba. Ita kuwa Hienghène tun a matakin rukuni aka fitar da ita a 2020, kafin a dakatar da gasar. Da aka dawo a 2022, Auckland City ta karɓe abinta, ta sake a 2023, 2024 da 2025. Lokacin da FIFA ta faɗaɗa gasar duniya zuwa kulob 32 a Amurka a 2025, gurbi ɗaya aka bai wa Oshiniya, kuma an duba sakamakon 2021 zuwa 2024 ne, don haka kofin 2019 bai shiga lissafi ba. Auckland ce ta tafi. Bayern Munich ta yi mata 10-0, Benfica ta ƙara mata 6-0, sannan ta riƙe Boca Juniors 1-1 da ƙwallon Christian Gray, wanda a lokacin yake koyon aikin malamin makaranta. Da yawanku a ranar kuka fara jin sunan Auckland City, kuna dariya a gidan kallo kuna tambayar wa ya gayyato waɗannan. To su ne dodon da duk tsibiran Fasifik ke tsoro, kuma daga 2006 zuwa 2025 sau biyu kacal kofin ya bar New Zealand: Hekari a 2010, Hienghène a 2019.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.