Fuska da Hannun Karatu

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma ɓari biyu na ƙwaƙwalwa ba daidai suke tambayar ba. A 1983, a Amurka, Jerre Levy da abokan aikinta suka nuna wa mutane hotunan fuskoki, rabi na murmushi, rabi a sake. Galibinsu suka ce wadda murmushinta ke hagunsu ta fi fara'a, gama abin da ke hagu ɓarin dama yake fara isa. To, a 1989 Vaid da Singh suka tarar karkatar nan ta raunana ga masu karatun Larabci, wanda ake somawa daga dama. Saboda haka mai gwada yaran Zuru sai ya fara tantance wanda ya soma da allo da wanda ya soma da boko.