Sankarar Tumbi: Laifin Jini Ne Ko Na Tukunya?

Kusan mutum miliyan ɗaya ke kamuwa da sankarar tumbi duk shekara a duniya, amma rabon bai zo daidai ba. Ta yi katutu a Japan da Koriya ta Kudu da Mongoliya, a Amurka kuwa ta fi addabar baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da Latin Amurka fiye da Turawa. Mai gaggawa zai ce abin a jini yake. To amma Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Hawayi sun karya wannan zato, domin cutar ta ragu ƙwarai a tsakanin 'ya'ya da jikokin da suka haifa can, alhali jinin nan dai shi ne. Tukunya ce ta sauya, da ruwan sha. Ummul'aba'isin ita ce ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, mai haddasa yawancin gyambon ciki. Tun yarinta ake ɗaukarta a gidan cunkoso mai gurɓataccen ruwa, ta yi shekaru tana ɓarnar bangon tumbi, yawan gishiri da taba suna taya ta. Ko a Amurka, a 1930 babu sankarar da ta kai ta kisa. Da firji ya shiga gidaje aka rage adana nama da kifi cikin gishiri, sai ta ja baya.

Mai ja zai kawo hujjar likita Holcombe, wanda a 1992 ya rubuta daga Maiduguri cewa ƙwayar ta cika cikin mutane, amma sankarar ba ta da yawa. Hujja ce mai nauyi, kuma ƙwayar kanta iri-iri ce, wata ta fi wata dafi. Sai dai inda na'urar leƙa tumbi ta yi ƙaranci, mutum yakan yi ta shan maganin olsa daga kemis har ƙasa ta rufe masa ido, ba tare da ya shiga lissafin kowa ba.

A batun jinsi ne halittar jiki ke da ta cewa. Maza sun kusa ninka mata wajen kamuwa da cutar, kuma taba da barasa ba su isa su bayyana tazarar duka ba. Masana na ganin sinadarin istirojin yana ba mace kariya, shi ya sa cutar kan yi jinkirin shekara 10 zuwa 15 kafin ta cim mata.